Ƙaramar tirela a bayan a-kori-kura: shin birkin mota kaɗai ya isa?

Idan aka ce tirela a ƙasar Hausa, abin da ke zuwa zuciyar mutum shi ne doguwar motar nan mai ɗaukar siminti ko shanu, amma ba ita nake nufi ba a wannan rubutu. Ina magana ne a kan ƙaramar tirela mai taya biyu ko huɗu, wadda ake maƙalawa a bayan a-kori-kura a ɗora mata tankin ruwa, ko janareto, ko injin sussuka, ko buhunan taki, a nufi gona da ita. Irin waɗannan sun yawaita a hannun manoman rani da masu haƙar rijiyar burtsatse da 'yan kwangilar gini, kuma akasarinsu a wurin masu walda na cikin gari aka haɗa su. Abin da nake so in tattauna shi ne ko wajibi ne irin wannan tirela ta kasance da birkin kanta, ko kuwa birkin motar da ke janta ya wadatar. Na daɗe ina cikin masu cewa ya wadatar, domin abin da na saba dubawa shi ne ko injin zai iya jan kayan, kuma tunda yana ja ba tare da nishi ba, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da zai tsayar da su ba.

Wata rana da rani na cika tankin lita 1,000 da ruwa, na ɗora buhu huɗu na taki a gefensa tare da injin ban-ruwa da mesa, muka kama hanyar gona ni da yaron da ke taimaka mini. Kwalta a bushe take, rana ta fito sosai, kuma gudun da nake yi bai wuce kilomita 60 a awa ba. Ina karya wata kwana mai 'yar gangara sai ga garken shanu ya cika titi, makiyayin yana daga can baya da sandarsa a kafaɗa. Na taka birki kamar yadda na saba, mota ta dunƙufar da kai alamar birkin ya kama, amma sai na ji ana turo ni daga baya, kamar wani ƙato ya sa kafaɗa a jikin bodi yana ingizawa. Kafin in gama fahimtar wannan sai ruwan da ke cikin tanki ya yunƙuro gaba ya ƙara mana wani bugu, bayan motar ya zame zuwa dama, tirelar ta naɗo ta gefe har wuyanta ya lotsa kusurwar bodi. Mun tsaya a gefen titi a karkace, tsakaninmu da wani farin bijimi bai fi taku uku ba. Allah Ya tsare, babu wanda ya ji rauni, mutum ko dabba, amma na fi minti goma a zaune kafin ƙafata ta daina rawa.

Washegari na kai motar gareji ina faɗa, na ce wa bakanikena birkin da ya gyara mini watanni biyu da suka wuce ya lalace. Ya cire tayoyin gaba ya duba, ya gwada a fili, sannan ya ce: "Alhaji, birkinka lafiyarsa ƙalau. Me ka ɗora a baya?" Na ce tanki ɗaya ne kawai da 'yan buhuna. Ya yi dariya ya ce: "Ranka ya daɗe, ai ruwa ba auduga ba ne." Daga nan ya kwanta a ƙarƙashin tirelar ya kira ni in leƙa. Aksul ɗin da mai walda ya yi amfani da shi, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, na bayan wata tsohuwar Peugeot 504 ne, irin waɗanda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, kuma gangunan birkinsa, waɗanda kanikawa ke kira durom, suna nan a jikin tayoyin. Sai dai bututun man birkin an yanke shi an daddaƙe bakinsa da guduma, wayar birkin hannu babu ita, har zanzaro ya yi gini a ramin da ya kamata ta shiga. Shekara biyu ina ganin waɗannan ganguna ina kwantar da hankalina, ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Da na zauna na yi lissafi sai na ga inda maganar bakaniken ta dosa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ruwan kaɗai tan guda ne. Taki buhu huɗu kilo 200 ne, tankin da injin ban-ruwa da mesa sun kai kilo 100, ita kuma tirelar, da na hau da ita sikelin auna motoci babu kaya, ta ba da kusan kilo 350, domin masu waldarmu ba sa rowar ƙarfe. Jimilla na jawo abin da ya haura kilo 1,600 a bayan motar da nauyinta, da mu biyu a ciki, bai wuce kilo 2,000 da 'yan kai ba. Birkin mota an ƙera shi ne a kan nauyinta da na kayan da aka amince ta ɗauka a bodi, kuma iyakar abin da zai iya yi ya dogara ne da riƙon da tayoyinta huɗu suke yi wa kwalta. Tayoyin tirela marar birki ba sa taimakawa da komai wajen tsayawa, garawa kawai suke yi, don haka duk nauyin da ke kansu sai ya bi ta wuyan tirelar ya sauka a kan waɗancan tayoyi huɗu.

Ana iya ƙiyasta bambancin da alƙalami. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa a kan busasshiyar kwalta, da tayoyi masu kyau, tana buƙatar kimanin mita 35 daga lokacin da birki ya kama zuwa tsayawa, ban da wajen mita 22 da take shafewa a cikin daƙiƙa ɗayar da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta isa birki. Idan nauyin motar kilo 2,000 ne, aka maƙala mata kilo 1,600 marar birki, nauyin da za a tsayar ya kusa ninkawa alhali ƙarfin tsayarwar bai ƙaru ba, sai mita 35 ɗin nan ta koma wajen mita 60. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan lissafi shi ne cewa a daidai inda motar za ta tsaya cak da ba ta jan komai, a nan mai jan tirelar yana kan gudun da ya kai kilomita 50 a awa. Gaskiya ne ɗan nauyin da wuyan tirela ke saukewa a bayan mota yana ƙara wa tayoyin baya riƙo, amma wannan bai taka kara ya karya ba. Gudu kuwa lamarinsa ya fi na nauyi muni, domin idan aka ninka shi sau biyu tazarar tsayawa ninkuwa take yi sau huɗu.

Kamfanonin da ke ƙera motocin sun san wannan, shi ya sa suke rubuta lamba biyu a littafin mota, mu kuma ɗaya muke karantawa. Sababbin Toyota Hilux da Ford Ranger masu injin dizil ana tallarsu da cewa suna jan har kilo 3,500, kuma wannan ita ce lambar da dillalai ke ambata suna bugun ƙirji. Amma sharaɗinta shi ne tirelar tana da birkinta. Idan babu birki, lambar da aka rubuta wa waɗannan motoci ita ce kilo 750, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na wancan. Tsofaffin samfura da ƙananan injuna ma ba su kai 3,500 ɗin ba ko da birki, saboda haka kowa ya duba littafin motarsa maimakon ya ɗauki ta maƙwabcinsa. Kuma kilo 750 ɗin nan ya haɗa da nauyin tirelar kanta, ba kayan kaɗai ba. Ga mai tirela irin tawa mai kilo 350, abin da ya rage masa kilo 400 ne, wato buhu takwas na siminti, ko buhu huɗu na masara mai kilo ɗari-ɗari, ko jarka goma sha shida ta ruwa mai lita 25. Duk wanda ya san yadda muke lodi ya san ba kasafai ake tsayawa a nan ba.

Wannan lamba ta 750 ba kamfanoni kaɗai ke amfani da ita ba. A ƙasashen Tarayyar Turai tirelar da nauyinta da kaya bai wuce kilo 750 ba ita ce kaɗai aka yarda ta yi tafiya babu birki, daga nan zuwa kilo 3,500 dole ta kasance da shi, abin da ya haura haka kuma sai irin birkin da direba ke sarrafawa kai tsaye daga mota. Birtaniya ta ƙara da sharaɗin cewa marar birkin kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta. Ostareliya ma daga 750 take farawa, kuma idan nauyi ya wuce kilo 2,000 tana wajabta birki a kowace taya, tare da na'urar da za ta kama shi da kanta idan tirela ta ɓalle. A Amurka kowace jiha da dokarta, jihohi da yawa sun tsaya a fam 3,000, wato kimanin kilo 1,360, jihar Texas kuma ta kai fam 4,500, kimanin kilo 2,040. Wasu kan kafa hujja da wannan sassauci na Amurka, suna mantawa da cewa a-kori-kurar can irin su Ford F-150 sun fi namu girma da nauyi da faɗin birki. A nan gida kuwa, a duk tsayar da ni da aka yi a hanya, an tambaye ni takardu da abin kashe gobara da tayar safiya, amma ba a taɓa leƙa ƙarƙashin tirelata ba, saboda haka wannan hukunci ne da mai mota zai yanke wa kansa.

Tsawon tazarar tsayawa ma ba shi ne kaɗai haɗarin ba, kuma a ganina ba shi ne mafi girma ba. A-kori-kura mota ce mai nauyi a gaba, inda injin yake, mai sauƙi a baya muddin bodi babu kaya. Idan aka taka birki nauyi yakan ƙara komawa gaba, tayoyin baya su rage riƙo, a daidai lokacin da tirela ke tunkuɗo bayan motar da dukan ƙarfinta. Muddin mota da tirela suna kan layi ɗaya, turawa ce kawai zuwa gaba. Amma idan akwai 'yar kwana, ko yashi a bakin kwalta, ko direba ya ɗan murza sitiyari don kauce wa rami, turawar sai ta koma gefe, ta kwashe bayan motar, su naɗe kamar gwiwar hannu. Abin da ya same ni ke nan. Na'urar ABS da ke hana tayoyi kullewa tana taimakawa, amma ikonta a kan tayoyin mota ya tsaya, ba ta da hannu a kan abin da ake ja. Tankin ruwa kuma yana da sharrinsa na daban, musamman idan bai cika ba, domin ruwan yakan yi gaba ya dawo ya sake yin gaba, kowane yunƙuri da bugunsa.

Sai kuma batun gangara. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar gogayya, gogayya kuma zafi take haifarwa. Idan mota da tirela masu nauyin kilo 3,600 suka sauko daga tudun da tsayinsa ya kai mita 500, kuma aka bar wa birki kaɗai aikin riƙe su, zafin da zai taru ya isa ya tafasa ruwa sama da lita 50, kuma duk a kan faifai biyu na gaba da ganguna biyu na baya zai sauka. Idan suka yi zafi fiye da kima sai su daina kamawa yadda ya kamata, direba yana takawa mota tana tafiya. Man birki ma yana da iyakarsa. Irin wanda aka rubuta wa DOT 3, ma'auninsa shi ne kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 yana sabo, amma da yake yana shan danshin iska, tsohonsa kan iya tafasa a wajen digiri 140, kuma da zarar ya tafasa sai feda ta nutse har ƙasa babu komai. Duk direban da ya saba saukowa daga Jos ta Hawan Kibo ya san warin birkin da ya ƙone. Maganin da tsofaffin direbobi suka sani shi ne a sauko da ƙaramar giya tun daga saman tudu, injin ya riƙe motar, kada kuma a kuskura a saka ta a furi don tsimin mai. Wannan dabara tana rage wahala ƙwarai, amma ba ta maye gurbin birkin tirela idan wani abu ya gitta a tsakiyar gangara.

Birkin ƙananan tireloli iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne mai aiki da turawar tirelar kanta, wanda ya fi yaɗuwa a Turai. An yi wuyan tirelar ne yadda zai iya zamewa ciki kaɗan, saboda haka idan mota ta rage gudu, tirela ta turo, sai wuyan ya shige ya danna wani ƙarfe da ke jan sanduna ko wayoyi zuwa gangunan tayoyi, a wasu kuma famfon man birki yake dannawa. Gwargwadon ƙarfin turawa, gwargwadon kamun birkin, kuma akwai ɗan shokozoba a ciki da ke hana shi fizga. Kyawunsa shi ne ba ya buƙatar komai daga mota, kowace a-kori-kura mai maɗaurin ja za ta iya jansa. Aibinsa kuwa shi ne direba ba shi da iko a kansa, yana iya ɗaukar zafi a doguwar gangara saboda turawar ba ta yankewa, kuma tsofaffin samfura sukan kulle idan aka sa ribas sai an fita an saka musu maƙulli.

Na biyu shi ne mai aiki da lantarki, wanda Amurkawa da mutanen Ostareliya suka fi so. A cikin kowace ganga akwai maganaɗisu, idan wuta ta zo masa daga mota sai ya manne wa ƙarfen da ke juyawa, ya ja hannun da ke buɗe takalman birki. A cikin mota kuma ana ɗaura wata 'yar na'ura kusa da sitiyari wadda ke auna yawan wutar da za a tura, direba yana iya ƙarawa ko ragewa gwargwadon lodi. Babbar fa'idarsa ita ce idan tirela ta fara kaɗa wutsiya a kan gudu, direba zai iya kama birkinta ita kaɗai da hannu ba tare da ya taɓa na mota ba, wannan kuma yakan miƙar da su nan take, kamar yadda igiya ke miƙewa idan aka ja ƙarshenta. Sai dai yana son waya mai kyau da kulawa, kuma duk wanda ya ga yadda wayoyin fitilun tirelolinmu suke rataye, an ɗaɗɗaure su da leda, zai fahimci dalilin da ya sa ban zaɓe shi ba. Ga hanyoyin gona masu ƙura da laka, inda mota ɗaya ba ita ke jan tirela kullum ba, na fi natsuwa da na farkon.

Akwai kuma tambayar abin da zai faru idan tirela ta ɓalle daga mota ana cikin tafiya, abin da ba baƙo ba ne a inda ake soka ƙusa ko guntun rodi a madadin fil na ainihi. Tirela mai birki tana zuwa da wata siririyar waya da ake maƙalawa a jikin mota, idan ta ɓalle sai wayar ta fizgi birkin ya kama kafin ta tsinke, a mai lantarki kuma ƙaramin batir ne a jikin tirelar ke yin wannan aiki. Marar birki ba ta da abin da zai tare ta sai sarƙa, shi ya sa ake son sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙarƙashin wuyanta, domin su tallafe shi kada ya caki kwalta. Haka nan ajiye ta a kan tudu babu birkin hannu dogaro ne da dutse ko weji, kuma yara suna wasa a ko'ina.

Ba ina cewa kowace tirela sai da birki ba. Wanda ke jan ƙaramin injin ban-ruwa ko buhu uku zuwa huɗu daga gida zuwa fadama, a kan turɓaya, da gudun da bai wuce na keke ba, birkin motarsa ya ishe shi, kuma zai zama ɓarnar kuɗi a tilasta masa wani abu. Hujjar da ban yarda da ita ba ita ce ta masu cewa sun shekara goma suna ja babu abin da ya faru, domin ni ma haka nake cewa, kuma dalilin kawai shi ne shanu ba su taɓa gitta mini a kwana ba sai ran nan. Wanda nauyin tirelarsa ya wuce kilo 750 kuma bai sami halin gyara ba tukuna, ya raba kayan sawu biyu, ko ya mayar da wani sashe cikin bodi gwargwadon abin da motar ke ɗauka, domin nauyin da ke cikin bodi yana kan tayoyi masu birki. Ya kuma tabbata kaya mafi nauyi suna ɗan gaba da aksul, ta yadda kimanin kashi goma cikin ɗari na nauyin zai sauka a kan maɗauri, domin tirelar da aka yi wa lodi a wutsiya ita ce ke fara lilo tun kafin a kai ga maganar birki.

Tawa tirelar ta yi wata guda a gareji. Mun samo wuya mai zamewa na gwanjo daga wata tirelar janareto da aka shigo da ita daga Turai, bakaniken ya buɗe gangunan ya kankare tsatsa da ginin zanzaro, ya sa sababbin takalman birki, ya ja wayoyi daga wuyan zuwa kowace taya. Sai da muka yi gwaji sau da yawa a wani fili a bayan gari, domin da farko taya ɗaya tana riga ɗaya kamawa, tirelar tana ja gefe. Da ya daidaita su, na cika tankin na taka birki a gudun kilomita 40, na ji wuyan ya yi 'yar ƙara ya shige, sannan turawar nan da na saba ji a bayana ta ɗauke. Tankin kuma yanzu ko dai in cika shi har baki ko in tafi da shi babu komai, takin kuwa a bodi yake tafiya.